Allon Silima a Ɗakin Inna

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, babu bangon da ya tsira a Katsina. Duk inda ka juya fuskoki ne a manne, wannan da doguwar hula, wancan da gilashi, kowa yana murmushi yana roƙon ƙuri'a. Aka gama zaɓe ba wanda ya ɓamɓare su. Rana ta koɗar da na sama, awaki suka cinye na ƙasa. Kullum ina wuce su a hanyata ta zuwa kwaleji, littattafaina a hammata, ina jin wani abu mai kama da haushi. Gari ya cika da fuskokin mutanen da ban sani ba, mu kuwa a gidanmu fuska ɗaya muke nema mun rasa.

Fuskar yayana ce. Shi ne ɗan farin Inna, ya rasu a shekarar sanƙarau, 'yan shekaru kafin wannan lokaci. Gidanmu ba gidan hoto ba ne. Mahaifinmu har ya bar duniya bai yarda an rataya ko ɗaya ba, kuma bayansa ba wanda ya sauya. Hoton da Yaya yake ciki guda ne, na 'yan ajinsu na firamare, yana can layin baya, kansa bai fi ƙwayar gero ba.

Inna 'yar Fulanin bayan gari ce, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama inda yake zaune. In ya yi sallama ya shigo, sai ta sami abin yi a bakin murhu, ta ce da ni, "A ce wa wancan abincinshi na rufe." Shi kuma yana tsaye a bayanta sai ya ce, "A ce wa Inna wancan ya gode." Ba ta dariya a gabansa. Sai ya fita za ka ga kafaɗunta suna rawa.

Ko da ciwon ya kama shi, wuyansa ya sandare, ƙanwar mahaifinmu ce ta yi jinyarsa. Inna tana bakin ƙofa, tana miƙa ruwa, tana karɓar kwano.

Wata ranar Juma'a da hantsi, a wannan shekara ta farar hula, ina zaune a tsakar gida ina karatu, ita tana tsinkar zogale, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kai, wai ya kamannin wancan suke?"

Na rufe littafin.

"Ina neman shi a raina," in ji ta, "sai in gan shi tun daga ƙafa har nan." Ta taɓa ƙasan haɓarta da bayan hannu. "Daga nan zuwa sama babu komai."

Ta ci gaba da tsinkarta kamar zancen cefane ta yi. Ni kuwa na rufe ido na nemo shi, sai na tarar nawa ma ya fara zubewa. Ina da dariyarsa, ina da yadda yake karkata hula, amma hanci da baki da idanu sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. A nan ne na tuna da allon.

Yaya a gidan silima ya yi aiki, wata tsohuwar silima mara rufi da ke can wajen ganuwa. Aikinsa yawo da allon talla. Duk sabon fim akan zana shi a kan faffaɗan katako, a ɗora a kura, shi kuma ya tura ya zaga gari yana kaɗa ƙararrawa, yara suna bin sa. Ni ban taɓa shiga silimar ba. Taro yana firgita ni tun ina yaro, ko a aji in malami ya kira ni murya takan maƙale. Abin da na sani na fim shi ne abin da Yaya yake kawo mani a aljihu. Idan fim ya tsinke ana cikin nunawa, mai na'ura yakan datse inda ya lalace ya liƙe sauran, to waɗannan guntaye Yaya yake tsinto mani. Na tara su a gwangwanin alewa, na raba su da 'yan takardu: na dawakai daban, na masu rawa daban, na faɗa daban, da waɗanda babu kowa a ciki sai hanya ko ruwa. Nakan tsaya a bakin zaure in ɗaga guntu ɗaya in saita shi da rana. Mace ta buɗe baki za ta yi waƙa, kuma har abada ba za ta fara ba.

Mai zana allunan wani mutum ne da kowa yake kira Baba mai zane. Yana da rumfa a bayan silimar, cike da gwangwanayen fenti. Allunan ba su da yawa, saboda haka in fim ya gama kwanakinsa sai ya shafe allon da farin fenti ya zana wani a kai. Na lura tun a lokacin cewa duk mutumin da ya zana yana da wani baƙin layi siriri kamar zare a wuyansa, namiji ko mace, sarki ko ɓarawo. Na ɗauka sarƙa ce, ko dai salonsa ne.

Wata rana fim ya iso daga Kano babu takardar tallansa, babu hoton da zai kwaikwaya. Sai Baba mai zane ya zaunar da Yaya a kan gwangwanin fenti ya zana shi a matsayin jarumin. Ranar nan Yaya ya tura fuskarsa ya zaga gari da ita, tun daga Babbar Kasuwa har Ƙofar Marusa, mutane suna ta ihu suna nuna shi suna nuna allon. Ya biyo ta ƙofar gidanmu ya tsaya ya yi ta kaɗa ƙararrawa. Ni na fito. Inna ba ta fito ba. Ban san abin da ya sami allon bayan nan ba, sai dai na taɓa jin Yaya yana cewa Baba mai zane ya ƙi shafe shi, ya jingine shi a sito. Ba a daɗe ba Yaya ya rasu, bidiyo ta shiga gidaje, silimar ta yi ta ramewa har aka sa mata kwaɗo.

Bayan maganar Inna na je wurin sau da yawa. Ƙofar tana rufe, na leƙa ta kafar ƙyaure, ciyawa ta fito tsakanin kujeru. Ban iya tambayar kowa ba. Sai da damina ta kusa faɗuwa na ji a bakin wani ɗan ajinmu cewa wani Alhaji ya sayi ginin zai mai da shi ma'ajiyar taki da hatsi, kuma za a yi gwanjon duk abin da ke ciki ranar Asabar.

Na ɗauki kuɗin da Kawu, mai ɗauke da karatuna, ya ba ni na littattafan zangon nan, na tafi tun da sassafe.

An fito da kayan fili. Kujerun ƙarfe a tsibe, fankoki, lasifika masu kama da bakin kakaki, gwangwanayen fim masu faɗi waɗanda wata mata take juyawa tana cewa za su yi farantin tallan gyaɗa. Na'urar kanta tana gefe kamar saniyar da ta durƙushe, 'yan gwangwan sun kewaye ta suna ƙwanƙwasa ta don su ji nauyin ƙarfen. Allunan suna jingine da bango, an ɗaure su ɗauri-ɗauri da igiya, fuska na kallon fuska. Mai gadin ya ce sabon mai gidan ne ya ce ba ya son hotuna suna zare masa ido a wurinsa.

Na bi su ɗauri bayan ɗauri. Nakan sa yatsa in ɗan buɗa tsakanin katako biyu in kanga ido. Hannun mace da awarwaro. Bakin bindiga. Wuya da layi, wuya da layi. Gizo-gizo ya yi saƙa a tsakani, ƙura tana shiga hancina. A ɗauri na kusa da ƙarshe na ga kunne. Kunne kawai, da gefen koriyar riga. Kunnen nan irin nawa ne, mai ɗan lanƙwasa a sama. Na tsinke zare daga bakin rigata na ɗaura a jikin igiyar don kada ɗaurin ya ɓace mani, na koma gefe na tsaya.

Mai gwanjon gajere ne mai tumbi, da ƙararrawar hannu, muryarsa kamar an yi ta don kasuwa. Ya sallamar da kujeru, ya sallamar da fankoki. Rana ta take kafin ya iso kan allunan.

"Katako ne, jama'a! Ya sha fenti har ruwa tsoron shi yake! Ƙofar bayi, akurkin kaji, teburin mai shayi! Matan Indiyan da ke ciki kyauta ne, ba mu sa su a ciniki ba. Wanda matarshi ta kore shi kada ya zo mani!"

Aka yi dariya. Wani kafinta mai fensir a kunne shi yake ta kwashe su, ɗauri bayan ɗauri, ba mai ja da shi. Da aka jawo mai zaren nan, kafintan ya taya kamar yadda ya saba. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Mai gwanjo ya ɗaga ƙararrawa. Sai na ɗaga littafin da ke hannuna sama.

"To fa! Ɗan boko ya ɗaga littafi. Malam, tayawa kake ko tambaya gare ka?"

"Tayawa," na ce.

"Ba mu ji ba. Ka karya kumallo kuwa?"

"Tayawa nake."

"Madalla, ashe yana magana! An ƙara, kafinta, mi ka ce?"

Kafinta ya ƙara, na ɗaga littafi. Sai wata murya daga bayana ta ƙara a kan nawa. Na waiwaya. Wani tsoho ne siriri, farin gemu, carbi a hannu, riga ta koɗe amma wankakkiya. Ba ya kallona, ba ya kallon mai gwanjo, ɗaurin katakon yake kallo. Na ɗaga littafi. Ya gyaɗa kai. Na sake ɗagawa. Ya sake gyaɗawa.

Kafinta ya cire fensir daga kunne ya sosa kai da shi. "Ku biyun nan, halan zinari aka ɓoye ciki? Ni na fita. Katako dai ba ya haihuwa."

Muka rage mu biyu. Na san abin da ke aljihuna ya kusa ƙarewa. Tsohon ya sa hannu a aljihun gaba, ya sa a na gefe, ya duba tafin hannunsa. A lokacin na ga faratansa, da fentin da ya zauna a gefensu shekara da shekaru, na gane shi, Baba mai zane ne. Ya girgiza kai a hankali.

"Na ɗaya! Na biyu! Baba, shi ke nan? Na uku! Ɗan boko ya yi aure, mata har da na gobe. Allah ya ba da zaman lafiya!"

Na kwance igiyar a gefe. Na zare allon mai kunnen nan ban ko kalle shi sosai ba, na rufe shi da buhun da na zo da shi. Sauran na bar wa kafinta a kan abin da ya ga dama, wanda ya ishe ni biyan mai kura. Muka kama hanyar gida, mai kura a gaba, ni ina dafe da allon. Sai da muka yi nisa na lura tsohon yana biye da mu. Bai matso ba, bai kuma tsaya ba. Kusa da Ƙofar Marusa, inda mai kura ya tsaya shan ruwa a inuwar wata bishiyar bedi, ya ƙaraso ya yi sallama.

Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi karatu, ya tambayi zafi. Sannan ya ce, "Kai ƙanenshi ne. Kunnuwanku ɗaya."

"Ni ne, Baba."

"Allah ya jiƙan shi. Mi za ka yi da allon?"

"Inna zan kai wa."

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Ka taɓa lura da layin da nake ja a wuyan mutanena?"

Na ce na lura.

"Tun ina saurayi wani malami ya ce mani, duk wanda ya zana mai rai, ranar gobe za a tsayar da shi a ce ya hura mashi rai. Na ce, Malam, da wannan nake ci da iyali. Ya ce to ka riƙa yanke wuyan, abin da aka yanke wa wuya ba mai rai ba ne. Tun ranar ban taɓa ajiye buroshi ba sai na ja layin. Ko doki na zana sai na ja." Ya nuna buhun da haɓa. "Ban da wannan."

Mai kura ya dawo yana goge baki. Na ce ya ɗan jira.

"Na gama zanen, na ɗauki ƙaramin buroshi, sai yayanka ya riƙe mani hannu. Ya ce, haba Baba, yanka ni za ka yi ina zaune ina kallo? Bari dai a gama nuna fim ɗin. Muka yi dariya, na ajiye. Aka gama fim, na ce gobe. Kullum yana shigowa sito yana gaida allon, yana ce mashi ranka ya daɗe. Ina cikin gobe-gobe aka ce mani ciwo ya kama shi, kuma ta wuya ya kama shi." Ya dubi buhun. "Na ɗauki buroshin na kasa. Na juya allon ya kalli bango. Daga baya aka rufe sito da shi a ciki. Na bar zanen mutane, yanzu sunan shago kawai nake rubutawa. Amma duk sauran na yanke su, ɗana. Shi kaɗai zai tsaya gabana a ce in hura mashi rai. Da mi zan hura? Da ina iyawa ai da tuni na hura na maida wa uwarshi."

Ban taɓa ganin babban mutum yana roƙona ba. Bai ma roƙa da baki ba, tsayawa kawai ya yi. Layi ɗaya yake so, siriri kamar zare. Na ce masa, "Bari Inna ta gani tukuna." Ya ce to. Ya biyo mu har gida, na shimfiɗa masa tabarma a zaure.

La'asar ta yi. Inna tana bakin murhu tana tankaɗe. Na jingine allon da bangon ɗakinta, na janye buhun, na ja da baya.

Ga shi nan. Baba mai zane ya ba shi sumar jaruman Indiya, mai sheƙi, ta zubo a goshi. Ya ƙara masa haske, ya sa masa koriyar riga mai buɗaɗɗen ƙirji, bayansa wuta tana ci a wani dogon gini. Amma idanun nasa ne. Da yadda gefen bakinsa yake ɗagawa in yana shirin tsokana.

Inna ta juyo. Ban san iya abin da ta gani ba a wannan juyowar, don nan take ta sunkuyar da kai ta ja mayafinta gaba, daidai yadda take yi in ya shigo. Rariyar tana hannunta, gari yana zuba a ƙasa.

"Inna," na ce, "katako ne. Ki duba."

Ta ajiye rariyar. Ta goge hannu a zani, ta tako a hankali, idonta a ƙasa. Ta tsaya gaban allon. Na ga idonta ya fara daga gindin katakon yana hawa, ya bi rigar, ya bi maɓallan, ya iso wuya ya tsaya. A gefen hagu na wuyan, ƙasa kaɗan da muƙamuƙi, akwai ɗan baƙin ɗigo. Tawadar Allah ce. Ni na manta yana da ita. Mai zanen bai manta ba, ya sa ta inda take. Inna ta ɗora ɗan yatsanta a kai, ya bar farin gari a wurin.

"Shi ne," in ji ta.

Ta daɗe a haka. Ina jira idonta ya ƙarasa hawa. Bai hau ba.

"Inna, fuskar fa?"

"Kai ka duba mani. Tana kama?"

Na dubi sumar nan da hasken nan da ba nasa ba, na dubi idanun. Na ce, "Tana kama."

"To ya isa."

Tari ya taso daga zaure. Ta tambayi wane ne, na faɗa mata duk abin da tsohon ya faɗa mani, ban rage komai ba. Ta saurara yatsanta yana nan inda yake. Sannan ta gyara mayafi ta je ta tsaya a bayan ƙyauren zaure, inda take tsayawa in za ta yi magana da baƙon namiji. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Ya yi mata ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, ta amsa kamar jiya aka yi.

"Malam," in ji ta, "yaro ya faɗa mani. Babu wata hanya sai ta wuyan?"

Ya ce, "Akwai, Hajiya. Malamai sun ce in an shafe fuska ma ya wadatar. In babu kai, babu hoto."

"To shafe fuskar. Ka bar mani wuyan."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, ni da ko a aji ba a jin ta. "Inna, saboda fuskar na sayo shi! Ke kika ce kin neme ta kin rasa!"

Ba ta yi fushi ba. Ta juyo ta dube ni sosai, ni da take iya duba.

"Ban kalle ta ba lokacin da zai san na kalla," in ji ta. "Yanzu zan kalla, a jikin katako? Wuyan nan ya sha wahalarshi, ba mai ƙara ja mashi komai. Wannan bawan Allah kuma ba zai tafi kabari da tsoro saboda ni ba." Ta koma wajen rariyarta. "Kai ka kalla har ka ƙoshi kafin ya kawo fentin."

Baba mai zane ya tafi ɗauko kayansa. Na jawo kujerar tsugune na zauna gaban allon. Na kalle shi yadda nake karatun jarrabawa, gaɓa-gaɓa. Girar hagu ta fi ta dama tsawo. Hancin ya ɗan faɗaɗa a ƙasa. Akwai 'yar tsaga a haƙoran gaba. Ina maimaitawa a raina, in rufe ido in gwada, in buɗe in gyara. Na so in ɗauko takarda in kwafa, sai na tuna ni ma zane zan yi, kuma ban iya ba. Inna tana bayana tana tuƙa tuwo, ina jin muciya tana bugun tukunya.

Ya dawo da ɗan gwangwani da buroshi mai faɗi. Na fito masa da allon zaure. Ya durƙusa, ya yi bisimilla. Ya fara da sumar, ya sauko goshi, ya zagaya kumatu da haɓa, yana bin gefen muƙamuƙi a hankali don kada ko ɗigo ya sauka a wuyan. Idanun ya bari ƙarshe. Ya tsaya a kansu, buroshi a sama, har fenti ya fara taruwa zai ɗiga. Sannan ya shafa sau ɗaya daga dama zuwa hagu. Ya zauna a kan dugadugansa ya saki numfashi mai tsawo, ya ce alhamdu lillahi. Inna ta aiko ni da tuwo, ya ce ya gode, bai iya ci ba.

Allon ya zauna a ɗakin Inna, tsakanin gado da jeren kwanoninta. Koriyar riga, wuya da tawadarsa, sama kuma fari fat. In tana shara takan goge shi da gefen zani. Wani lokaci in na shigo sai in tarar tana zaune a gabansa tana tsinkar wani abu, fuskarta a sake. A gaban Yaya mai rai ban taɓa ganin ta zauna haka ba.

Da ruwa ya sauka sosai a wannan damina, ɗakin ya yi sanyi, na shiga ɗauko mata wani abu sai na ga wurare biyu sun yi duhu a cikin farin. Fentin na arha ne, shafa ɗaya ce, kuma katakon ya sha laima. Idanun ne suke tasowa, ba ƙarara ba, kamar abin da ake hange a ƙasan ruwan kududdufi. Da rani ya shigo suka koma. Damina ta gaba suka dawo. Ban sani ba ko Inna ta taɓa lura. Idonta ba ya wuce inda ya saba tsayawa, ni kuma ban ce mata komai ba har ta bar duniya.

Na haɗu da Baba mai zane sau ɗaya bayan nan, a Babbar Kasuwa, yana kan tsani yana rubuta sunan wani shagon atamfa. Ya sauko muka gaisa. Ya yi ƙiba kaɗan, har yana wasa da yaran shagon. Ya ce, "Ya allonmu?" Na ce, "Yana nan fari." Tsakiyar rani ne, ba ƙarya na yi ba. Bai kai damina ta biyu bayan nan ba.

Tun daga wannan gwanjo ban daina zuwa gwanjo ba. In na ji za a rushe tsohuwar silima a wani gari nakan je, kuma har yau littafi nake ɗagawa. Na sayi alluna da dama na masu zane daban-daban, na ma tsinci biyu na Baba a jikin akurkin kajin wani gida, na fanshe su. Duka biyun suna da layinsu. Suna jingine a ɗakin karatuna tare da gwangwanin alewar nan.

Na Yaya yana gefe shi kaɗai. In na rufe ido yanzu na neme shi, yana zuwa, gira da hanci da tsagar haƙori duk a wurinsu, amma da sumar nan mai sheƙi yake zuwa, da wuta tana ci a bayansa. Wanda yake karkata hula ya tsaya bayan Inna ya ce a ce mata wancan ya gode, shi ban ƙara samun fuskarsa ba.

Na sayi gwangwanin farin fenti mai kyau tun shekarar da Baba mai zane ya rasu, da niyyar in ƙara shafa ɗaya a madadinsa. Yana nan ƙarƙashin tebur, ban fasa murfin ba. Jiya an yi ruwa kwana, ɗakin ya yi sanyi.